Tayar Baba Nomau

Shekaranjiya da la'asar wani ɗan acaɓa ya turo mashin ɗinsa har gabana, ya kafe shi, ya ce, "Baba, ɗan liƙe mani, sauri nike." Ɗan liƙe, wai. Kamar wanda ya kawo ƙwarya ta tsage. Ina tsugune ina juya tif a cikin ruwa sai na ji yana gaya wa abokinsa cewa in acaɓa ta ƙi, faci zai koma, tunda ba komai ba ne illa a nemo huda a toshe. Na gama masa aikinsa ya tafi da bakinsa. Amma maganar ta tsaya mini a rai. To, ku yaran yanzu masu injin iska, da ku nake. Ku gyara zama ku ji abin da taya guda ɗaya, 'yar araha, ta yi da ni a Ƙanƙara lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan.

Facin farko da aka bari na yi da hannuna na keken wani mai tallan goro ne, a gindin tsamiyar bakin kasuwa, inda kawuna Malam Audu yake sana'a. Kafin ranar na yi damina guda cur ba abin da nake taɓawa sai famfo. In buga, in buga, kafaɗa kamar za ta cire, shi kuma ya matsa tayar da babban yatsa ya ce, "Saura." Kayan aikinmu duk a akwatin katako ɗaya suke: libar ɓalle taya da maƙeri ya fitar mana daga tsohon ƙarfen mota, gwangwanin sholisho, wato gam ɗin liƙi, almakashi, yankakken tsohon tif, da murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa, shi ne magogin da muke kankare roba da shi kafin a shafa sholisho. Sai daron ruwa. Ranar da ba ruwa, da leɓe ake neman huda: ka hura tif, ka riƙa wucewa da shi kusa da leɓenka na sama har ka ji ɗan sanyin iska. Na liƙe wa mai goro tif ɗinsa ina ta rawar jiki, na manna facin tun sholisho bai sha iska ba. Bai kai ƙarshen kasuwa ba ya dawo yana turo keke. Kawu bai dake ni ba. Ya sa na ɗauki goron a ka na bi mutumin talla har magariba, shi kuma ya zauna ya gyara abin da na ɓata.

A wurinsa na koyi cewa babban kayan aikin mai faci ba ya shiga akwati. Inuwa ce. A rana sholisho bushewa yake yi kafin ka yanka faci, ruwan daro ya yi zafi, liba ta ƙona hannu. Kuma mutumin da ke tsaye a rana ba ya haƙuri, yana kanka yana cewa ka yi sauri har sai ka yi masa aikin banza. Wanda ya samu inuwa da benci kuwa, miƙe ƙafa zai yi ya shiga hira, in ka gama ma sai ka tashe shi. Tsamiyar nan babu kamarta a bakin kasuwar, kuma duk wanda ya fito daga Mabai ko ya nufi wajen Faskari sai ya gifta ta gabanta. Da ƙarfin kawu ya ƙare zai koma gida, ya kai ni gaban sarkin kasuwa ya ce, "Ga Isiyaku, wurin nashi ne." Ban gaji gonar kirki ba, ban gaji shanu ba. Inuwar nan na gada, kuma ina ji da ita.

Babur na farko da na kwance wa ƙafa na wani malamin gona ne da ya taso daga Faskari. Na tunkari tayar da libar keke, libar ta lanƙwashe kamar cokali. Na aro ƙarfe wurin makaniki na danna da ƙarfi, tayar ta fita, amma wajen mayarwa na cije tif ɗin. Ya zo da huda, na ƙara masa wata kyauta. Ranar na gane ba a nuna wa tayar babur ƙarfi. Taka gefe guda za ka yi ya faɗa cikin kwarin wili, ka shafa ruwan sabulu a baki, ɗaya gefen ya hau da kansa. Na kuma gane facin sanyi ba ya riƙe babur, don gudu yana dafa taya. Sai na samo tsohon fistin na mota na haɗa matsi, a zuba kananzir a cikinsa a kunna, a gasa facin har ya zama jiki ɗaya da tif. Wutar ta yi kaɗan faci ya ɗaye, ta yi yawa tif ya ƙone, kuma ba agogo muke dubawa ba, hanci ne ke gaya maka ta yi.

Daga nan abin ya ɓalle. Gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙari, auduga ta yi daraja, kuɗi suka riƙa yawo a hannun mutanen da da can sai su yi wata ba su taɓa takarda ba. Malamin makaranta da babur, mai awon hatsi da babur, wanzami ma ya jingine keke. Hanya ce kaɗai ba ta ji labarin an yi arziki ba, tana nan yadda take.

Wani mai sayen fata daga Sabuwa ya taɓa iso mini da tayar baya tana ɗingishi. Da na ɓalle ta sai ga ciyawa damƙi-damƙi, da tsummoki, har da hularsa. Tif ne ya fashe masa a daji, ya zare shi, ya cusa duk abin da hannunsa ya kai, ya lallaɓo. Ina zaƙulowa akuyar mai shayi tana ci. Abin da ya ɗaure mini kai, tayar sabuwa ce fil, 'yan silin robar nan da muke kira gashi ma ba su gama zubewa ba, amma gefenta ya yage kamar tsohon zane. Ranar na fara haɗuwa da 'yar-sheƙi.

Taya iri biyu muke da su a lokacin. Akwai wadda muke kira ƙafar-giwa, mai nauyi, baƙinta a dushe, in ka lanƙwasa ta sai ta turo hannunka. Tsada gare ta, amma mutum zai yi noma ya sake noma tana ƙarƙashinsa, in ta yi sanƙo ma masu takalmi su karɓa su yanka. Sai 'yar-sheƙi, ba nauyi, ba suna a jikinta da wani zai iya karantawa, tana ƙyalli, ga gashi tsaye-tsaye, ga araha. Ba zan yi mata ƙazafi ba. Mutum mara jiki, shi kaɗai, a kan kwalta, yana duba iska kullum, zai more ta daidai abin da ya biya. Amma wa ke hawan babur shi kaɗai a wurinmu? Buhun dawa a baya, maiɗaki a kan buhu, ɗan akuya a kan tanki, iska rabi don wai a ji laushi, hanya kuma marmara ce da tsakuwa masu kaifi. Ta baya ce ke fara tafiya. Haƙoran tsakiya su suɗe, zare ya leƙo, daga nan ko ƙayar aduwa ta harare ta sai ta sace.

Za ku ce ai mai faci ya samu, taya mai saurin mutuwa ta shigo gari. Haka ni ma na zata. Shekarar nan ita ce mafi muni da na gani a sana'a, kuma ba fari ne ya kawo ta ba, kuɗi ne. Mutane suka fara jin kunyar faci. A ga mutum tsugune gabana, sai a ce audugarsa ba ta yi ba. Taya ta sace, a cire ta da tif ɗinta a jefar, a sa sabuwa, tunda ga ta nan da araha.

Mai kawo arahar kuwa wani ɗan kasuwa ne, Alhaji Mamman, wanda ya zo da a-kori-kura cike da 'yar-sheƙi, ya kafa tebur daidai inda inuwata ta ƙare. Mutum ne mai fara'a, ba ya faɗa da kowa. Kullum da safe sai ya ɗaga mini hannu, "Sarkin liƙi, an tashi lahiya?" In hantsi ya yi rana ta fara gasa shi, sai in ga teburin ya ɗan matso. Washegari ya ƙara matsowa. Ya je wurin sarkin kasuwa neman gindin tsamiyar, aka ce masa da mai shi. Ni kuma ina zaune cikin inuwa mai sanyi ina korar ƙuda, sholisho ya daskare a gwangwani don rashin buɗewa, maiɗakina ta fara tambayata ko sana'ar gyangyaɗi na koma.

Ana cikin haka, wata ran kasuwa a ƙarshen bazara, sai ga Baba Nomau yana turo sabon babur. Bamaguje ne daga wata unguwa bayan Mabai, dattijo, manomin da rumbunansa suka fi ɗakunan gidansa yawa. Audugarsa ta yi, 'ya'yansa suka matsa masa ya sayi babur, ranar da suke koya masa ya hau kan kututture ya tsarge tayar baya. Na duba na ce zan ɗinke ta in yi mata ƙari daga ciki, za ta yi tafiya. Ban rufe baki ba sai ga Alhaji da taya a kafaɗa.

"Haba Baba Nomau, mutum kamarka da ɗinkakkar taya? Ga sabuwa. Dubi gashi, dubi baƙi."

Baba Nomau ya karɓa, ya shafa gashin, ya ɗaga ta ya leƙa ciki kamar mai duba bakin jaki. Ya juyo ya ce, "Isiyaku, kai mi ka gani?"

Na ce, "Baba, wagga ba taya ba ce, kwalliya ce."

Alhaji ya yi dariya ya ce wa jama'a, "Ku yi mashi uzuri. Mai faci ba shi son ganin taya lahiya lau, kwana shika da yunwa."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Gaskiyar da ke cikin maganar ce ta fi ƙona ni, don ranar ko koko ban sha ba. Na miƙe da liba a hannu na ce, "Wallahi in tayar ga ta kai aka ci tumu tana bisa babur ɗin ga ba ta hwashe ba, na bar maka gindin tsamiyar ga, in kwashe kayana!"

Alhaji bai ɓata lokaci ba. Ya ce in ta fashe shi ma zai ɗauke teburinsa ya koma can ƙarshen kasuwa wajen masu tukwane. Sannan ya waiga, "Ranka shi daɗe, ka jiya?" Sarkin kasuwa kuwa yana nan zaune a kan bencina, a inuwata, yana shan fura.

Ya ajiye ludayi ya ce, "Na jiya. Isiyaku, janye tun ba a watse ba."

Na ce ban janye ba.

Ko ɗar ban ji ba. Daga ranar zuwa lokacin da za a gasa sabon gero, damina ce kusan sukutum. Na san tayar, na san hanyar Mabai, na san abin da ruwa ke yi mata. Abin da ban sani ba shi ne Baba Nomau.

Kasuwa ta zagayo, na kafa ido a hanya, sai ga shi a kan jaki. Wata kasuwar ma jaki. Na tare shi na gaishe shi, na ce, "Baba, ina babur?"

"Shina gida, shina hutawa."

"Hutawar mi?"

"Zahi ya yi yawa. Kai ka taɓa ganin an hau dabba mai daraja da tsakar rana?"

Na ce ruwa na zuwa, gari zai yi sanyi. Ruwa ya sauka, na sake tambaya, ya ce hanya duk taɓo ce, ba zai ɓata masa ƙafa ba. Mutumin nan tun tasowarsa abin da yake da daraja a gidansu mai rai ne, doki ko sa, kuma yadda ake kiwon doki haka ya ɗauki babur. Jaki shi ne na wahala. Babur na ajiya ne, a fito da shi ranar da ta isa.

Sai na shiga dabara. Na same shi wajen masu gishiri na ja shi gefe, na ce ai ya san dokin da ba a hawa ƙafafunsa kumbura suke yi, to babur ma haka ne, akwai ciwon zama, in ya kama inji sai an kai shi Funtuwa. Ya ce lallai wannan magana ce, ya yi mini godiya. Na koma gindin tsamiya ina murmushi. Bayan kwana biyu wani ɗan unguwarsu ya ba ni labari: kullum da sassafe Baba Nomau yana ɗaga babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya tayar, ya sa giya, ya murɗa, tayar baya ta yi ta juyawa a sama har sai ya ga jikin ya yi ɗumi, sannan ya kashe ya rufe. Babur yana samun kilisa, taya ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Na sake wata. Na sa aka kai masa labari cewa akwai wani san huɗa a Sabuwa, ƙosasshe, mai shi yana neman kuɗin gaggawa, wanda ya riga zuwa shi ya samu. Na ce wannan tafiya jaki ba zai yi ta ba, kuma hanyar Sabuwa da damina ko ƙafar-giwa sai ta yi addu'a. Ashe labarin ya biya ta kunnen Alhaji. Da asuba ya je har ƙofar gidan dattijon da a-kori-kura, wai dama yana da kaya a can, ya ba Baba Nomau gidan gaba. Abin haushi, ni ƙirƙirar san na yi, amma da suka je suka tarar da wani na sayarwa da gaske, mai kyau kuwa. Baba Nomau ya dawo ya kawo mini zabuwa tukwici, yana ta sa mini albarka, Alhaji yana bayan teburinsa yana tari.

Da na ga haka na ari keke na tafi in gani da idona. Ya karɓe ni hannu biyu, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Sannan ya kai ni wani ɗaki da aka yi wa sabon jinka. Ga babur nan a tsakiya, an lulluɓe shi da gwado, an ɗaure shi a turke. Na ce, "Baba, gudu shika yi?" Ya ce a'a, amma abu mai daraja ba a barinsa sake. Ƙafafun suna kan faffaɗan katako don kada sanyin ƙasa ya kama su. Na tsuguna na duba 'yar-sheƙi. Gashinta cif, ko sili ɗaya bai karye ba, ƙyallinta ma ya fi na ranar da aka saye ta. Na taɓa, hannuna ya yi maiƙo. Kafin in tambaya ya jawo wata 'yar ƙwarya cike da man kaɗe, ya lakata, ya hau murza wa tayar a hankali, yana bin kowane lungu na zanen.

Nan kam sana'a ta motsa mini, na manta da rantsuwa. Na ce, "Baba, wanga kam ka bari. Mai shina cin roba. Laushi za ta yi, ran da ka hau ta saɓule."

Ya dube ni, ya yi dariya har da tafa cinya. "Isiyaku ke nan. Ka ce ciwon zama, na yarda. Ka ce sa a Sabuwa, na tahi. Yanzu kuma in bar ƙahwa ta bushe ta tsattsage, kai ka sha inuwa? Tun kakana da man kaɗe muke raya linzami da guga da duk wata hwata, ba mu taɓa ganin ya ci komi ba. Ni ba ruwana da gardamarku kai da Alhaji. Abin da na saya nike kiwo."

Ya ƙara lakato mai, wannan karon da yawa. Cikin duk abin da na gaya wa mutumin nan a daminar, wannan ce kaɗai gaskiya, ita ce kuma ya ƙi.

A hanyar komawa na bi ta tsakiyar gonaki. Gero ya fitar da kai, ya yi kauri, yana ta rangaji. Ni ɗan manoma ne, amma ban taɓa ganin gero mai kyau raina ya ɓaci ba sai shekarar nan. Har na riƙa yi wa kaina ƙarya wai da sauransa, bai yi ido ba.

Ranar da abin ya zo, tun daga nesa na ji ƙamshi. Alhaji ne da kansa ya sa aka gasa tumu cike da faifai, yana rabawa duk wanda ya gifta. Ya zaɓi mafi girma ya kawo mini har benci, "Sarkin liƙi, taɓa sabon abu." Kasuwa ta cika, sarki ya zo ya zauna. Can sai ga amalanke, san Sabuwa yana ja, Baba Nomau yana gaba, babur a sama an ɗaure shi da igiya a kan buhunan ƙaiƙayi. Aka sauko da shi kamar mara lafiya, aka yaye gwado. Mutane suka yi ta salati. Taya tana walƙiya, gashi a tsaye.

Na ce, "Ranka shi daɗe, tayar da ba ta taɓa taka ƙasa ba? A hau ta yanzu a kai bakin rahi a dawo, in ta dawo ni da kaina zan ɗauko mashi tebur."

Baba Nomau ya ce shi ba a hau masa babur don gardamar wasu.

Sarki ya murza tumu a tafin hannu, ya hure, ya watsa a baki, ya tauna ya tauna. Ya ce, "Isiyaku, ka san taya, ban musa ba. Amma ran da za ka yi rantsuwa, ka tambayi mai babur yadda shike riƙon abinshi? Na ce ka janye, ka ƙiya. Ga tumu, ga taya."

Na kwashe liba da magogi da almakashi na zuba a akwati, na zubar da ruwan daro a gindin tsamiyar. Na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. Kafin in ɗaure benci a bayan keken aro teburin Alhaji ya shige inuwa. Kafin la'asar kuma ba sauran taya ko ɗaya a kansa. Kowa faɗi yake, tayar da ta ci damina guda ko gashi bai zube ba! Ba wanda ya tsaya tambayar yadda aka yi.

Duk wata inuwa a kasuwa da mai ita, zuciya kuma ba ta bar ni in zauna a rana ina kallon Alhaji yana miƙe ƙafa ba. Amma akwai abin da na sani. Duk wanda ya taɓa turo mini 'yar-sheƙi daga wajen Faskari, in na tambaye shi inda ta mutu, wuri ɗaya yake faɗi: can bayan gari, inda hanya ta gangara mashigin rafi ta haura kan marmara mai kaifi. A nan na sauke akwatina. Ba bishiya sai sabara, ba a yanke dawa ba balle in samu karan kafa rumfa. Sai dai ba teburin sabuwar taya a wurin, kuma a daji ba mai jin kunyar faci. Waɗanda suka wawashe teburin Alhaji su ba kiwo suke yi ba, hawa suke, da buhu da akuya. Kafin mako ya zagayo na buɗe sabon gwangwanin sholisho, babura suna jiran layi. Aiki ya dawo har ya fi da. Rana kuwa tana gasa ni tun hantsi har la'asar, ƙeyata ta saɓe, in na koma gida kaina kamar ana daka.

Wata rana da azahar na ji ƙara daga gangaren rafi kamar an harba bindigar toka. Jim kaɗan sai ga mutum ya hauro yana turo babur, da babbar riga da malafa, yana haki. Baba Nomau ne. Tunda an tabbatar a gaban sarki cewa tayarsa ƙarfi gare ta, ya ga lokaci ya yi da zai je Tafoki ya nuna wa 'yarsa da ke aure a can abin da ya saya.

Ya tsaya, ya dube ni, ya dubi tayar. "Isiyaku, yau na hwara hawa."

"Na gani, Baba."

"Ko Tahoki ban hango ba."

Na tsuguna. Bayan tayar ya saɓule ya rabu da zare, robar ta yi laushi kamar danƙo, sai ƙamshin man kaɗe take. Gashin gefe kuwa yana nan a tsaye. Ba abin da za a liƙe. Ina da wata tsohuwar ƙafar-giwa da wani ya jefar don ta fara sanƙo, na ce ita zan sa masa, za ta kai shi ta dawo da shi. Na hau aiki. Liba ta yi zafi sai da na naɗe ta da tsumma, zufa tana shiga mini ido, ina sharewa da kafaɗa. Shi kuma yana tsaye a kaina cikin ranar nan, bai ce in yi sauri ba.

Can ya ce, "Ashe maganar mai gaskiya ce."

Na ce gaskiya ce.

"In mun koma gaban sarki, in hwaɗa mashi da bakina?"

Na ce, "An ci tumu, Baba. Magana ta ƙare."

Na ga ya waiga gabas, ya waiga yamma, yana neman ko da ƙaramar bishiya, babu. Sai na ji an kifa mini abu a ka, duniya ta yi sanyi. Malafarsa ce. Ya tsaya haka da furfurarsa a rana har na gama bugun famfo, na matsa tayar da babban yatsa, na ce ta yi. Na cire malafar na miƙa masa, ya ture hannuna.

"Riƙe. Ni na raba ka da taka inuwar."

Ya taka babur ya tashi, ya nufi Tafoki kai ba hula, a kan tsohuwar taya mai sanƙo. Ni kuma na ɗaura igiyar malafar a haɓa, na koma cikin 'yar inuwar da ta rage mini, na jawo babur na gaba.